Zinatu da Tsofaffin Farisa na Manchester

An haifi Zinatu Sunusi a Funtuwa cikin shekarar 1978. Mahaifinta, Malam Sunusi, mai gyaran rediyo ne, shagonsa na manne da zauren gida. Al'adarsa ce duk rediyon da ya gama gyarawa sai ya murɗa ta daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya tabbatar tana kama tashoshi, kafin ya aika a kira mai ita. Da haka yaran gidan suka tashi da harsunan duniya cikin kunne ba tare da sun san ma'anar ko ɗaya ba. Sauran ba su damu ba. Zinatu ce kawai ke zama bakin ƙofar shagon tana kwaikwayon masu maganar. A ciki akwai wani harshe mai laushi da ta fi so, wanda masu shi ke jan ƙarshen kalma kamar ba sa son sakinta. Sai da ta kai sakandare ta san sunansa Farisanci, harshen mutanen Iran.

Ta karanta kimiyyar harshe a Zariya. Bayan hidimar ƙasa ta sami gurbin koyon Farisanci a wani gari na Iran da ake kira Kazwin, ta yi shekara ɗaya da rabi a can. Da ta tafi, dangi sun yi ta zuwa shagon Malam Sunusi suna tambaya a kaikaice ko yarinyar nan aƙida ta canja. Amsarsa ɗaya ce ga kowa: "Yare ta tafi koyo. In kana da rediyo ka kawo, in babu ka matsa mini daga haske."

Ta dawo ta koyar a wata kwaleji a Katsina, ta auri Rabi'u, wanda ya karanta harhaɗa magunguna. Shi ya fara samun aiki a Birmingham a 2008, ita da 'yarsu Kulu suka biyo shi a shekarar da ta biyo baya. Suka kama gida a Sparkhill, a saman wani shagon yadudduka da ke kan Stratford Road. Shekara biyu Zinatu tana zaune, tana kai Kulu makaranta tana ɗauko ta, tana neman inda za a ɗauke ta karatu. A watan Oktoba na 2011 wata jami'a a Manchester ta ba ta gurbin digirin digirgir, da tallafin shekara uku. Lokacin gwamnati ta soma tsuke bakin aljihu, kuma ranar da ta je rajista ma'aikaciyar ofis ta gaya mata cewa ita ce ta ƙarshe da za a ba irin wannan tallafi. In shekara ukun suka cika, babu ƙari.

Abin da take bincike a kai ba mai wuyar faɗa ba ne. Mai Farisanci yana danna murya a kan gaɓa ɗaya cikin kowace kalma, sannan a cikin jimla akwai kalmar da ya fi ɗora wa ƙarfi. Zinatu na son ta gano yadda ginin jimla ke matsar da wannan ƙarfi: in an sauya jerin kalmomi, ko an mai da magana tambaya, ina yake komawa? Malamin da ke duba aikinta, Dakta Bartholomew, wani dogon Bature mai yawan tari, shi kaɗai ya rage a sashen da ya san Farisanci. Rabi'u kuwa in abokansa likitoci suka tambaye shi me madam ke karantawa, cewa yake yi, "Tana binciken inda mutanen Iran ke ɗaga murya. Ni dai na san inda take ɗaga tata."

Irin wannan aiki ba ya yiwuwa da littafi kaɗai, sai an ɗauki muryoyin masu harshen a na'ura an auna su. Hanyar samun su ta zo ne daga Sherifatu, wata 'yar Kumasi da Zinatu ta sani a wurin wani suna a Lozells. Sherifatu ta koma Manchester, tana girki da shara a wani zauren taro da wata ƙungiyar agaji ke gudanarwa.

"Maman Kulu, mutanenki suna nan wurinmu duk Alhamis," in ji ta a waya. "Tsofaffi ne tukuf. Su sha shayi, su yi gardama, su sake shan shayi. Ki zo ki kwashe su ki rage mini wanke-wanke."

Iraniyawa ne da suka baro ƙasarsu tun zamanin juyin juya hali, mafi yawansu ba su sake komawa ba. Ranar da Zinatu ta fara zuwa, ta je da roba cike da dambun nama da wata ta cincin, don ba a zuwa gai da manya hannu rabbana. Ta durƙusa ta gaishe su da harshensu. Zauren ya yi tsit, sannan aka rufe ta da tambayoyi. Da ta faɗi sunanta suka ce ai wannan sunansu ne, akwai Zinat a kowane gida a Iran. Daga ranar ta zama Zinat Hanum, wato kamar a ce Malama Zinatu.

An ba ta wani ƙaramin ɗaki a bayan zauren inda ake jibge kujeru. Ƙa'idar aikin a bayyane take. A rubuta jimloli a takarda, a miƙa wa mutum, ya duba ya faɗa, mai bincike kuma ya kama bakinsa. Wanda ya fara zama gaban na'urar shi ne Aga Parviz, tsohon injiniyan jirgin ƙasa da ya haura tamanin, wanda ba a taɓa ganinsa ba kwat ba, kuma sauran ba sa fara shan shayi sai ya ɗauki kofinsa.

Ya karɓi takardar. Ya kai ta kusa da ido, ya miƙe hannu ya nisanta ta, ya cire tabarau ya goge da gefen kwat ya mayar. Ƙofa a buɗe take, wasu tsofaffi na leƙowa. Kunnuwansa suka yi ja. Zinatu ta ji kamar mahaifinta ne aka tsayar gaban mutane ana jarrabawa. Inda ta tashi, ba a barin babba yana laluben abu ƙarami na zaune yana kallo. Ta miƙa hannu biyu ta karɓi takardar.

"Aga, rubutun ne ya yi ƙanana, laifina ne. Bari in riƙa karantawa, kai kuma ka faɗa yadda ka saba faɗa."

Ta karanta, ya maimaita. Suka gama ba tare da wata matsala ba, ya fita yana gyara kwat yana gaya wa na waje cewa abin ba wuya.

Ba wai Zinatu ba ta san mutum kan kwaikwayi abin da ya ji ba. Ta sani. Lissafinta shi ne, wanda ya sha harshe a nono, ya kuma shekara tamanin yana magana da shi, ba zai karkace don wata 'yar Funtuwa ta faɗa gabansa ba. Sannan an koya mata cewa duk wanda aka ɗauki muryarsa a bi da shi ta hanya ɗaya da sauran. Tunda ta karanta wa na farko, sai ta karanta wa na biyu, ta karanta wa na uku, har da masu gani garau.

Haka ta yi ta yi har fiye da shekara. Ranar Laraba da safe ta hau bas daga Birmingham, ta wuni a laburaren jami'a, ta kwana a falon Sherifatu. Alhamis ta ɗauki murya, ta koma gida da yamma. Dambun nama bai taɓa yankewa ba. A gida takan zauna gaban kwamfuta ta yanke kowace jimla daban, ta cire tari da ƙarar kofi da muryarta, ta bar ta mai magana kaɗai. Waɗannan yankakkun su take aunawa, su kuma take kai wa Dakta Bartholomew. Shi bai taɓa samun zuwa zauren ba. Abokan aikinsa biyu sun karɓi sallama sun tafi ba a maye gurbinsu ba, azuzuwansu suka dawo kansa.

A tsakiyar 2013 sakamako ya fara fitowa, kuma ba abin da littattafai suka ce ba ne. Tsofaffin Manchester ba sa sauke murya inda aka san mai Farisanci na saukewa. Takan hau ta tsaya a sama, ƙarfin kuma ya faɗa kan gaɓar da ba a zata ba. Ba mutum ɗaya ba, kusan dukkansu, kuma iri ɗaya. Zinatu ta sake aunawa, abin bai canja ba. Ta yanke cewa doguwar zama a ƙasar waje ce ta sauya musu harshe, kuma ba wanda ya taɓa lura sai ita. Ta rubuta babi guda a kai, wanda ya fi sauran tsawo. Rabi'u ya fara kiranta Farfesa ko a gaban baƙi.

Daf da ƙarshen shekarar Sherifatu ta gaya mata cewa an janye tallafin da ƙungiyar ke samu. Za a rufe zauren a ƙarshen Maris, ita ma aikinta ya ƙare ke nan. Zinatu ta jajanta mata, ta tausaya wa tsofaffin, amma a ranta ta gode Allah da ta riga ta gama da su.

A watan Janairu na 2014 ta je ofishin Dakta Bartholomew. Kwalaye ne ko'ina, don shi ma ya sa hannu zai bar aiki a watan Yuli. Ya ce yana son ya tura babin nan wani taron masana, amma kafin nan yana so ya ji ɗauka ɗaya cikakkiya, wadda ba a yanke ba, ya ji ko hayaniyar zauren ba ta shiga ba. Ta buɗe masa ta Aga Parviz.

Ya saurara kaɗan, ya tsayar.

"Wace ce ke magana kafin shi?"

"Ni ce. Ba ya gani sosai, sai nake karanta masa."

"Shi kaɗai?"

"Dukkansu. Don hanyar ta zama ɗaya."

Bai ce komai ba. Ya yanko jimlarta, ya yanko ta tsohon, ya sa kwamfuta ta zana hawa da saukar kowacce, ɗaya a saman ɗaya. Layukan biyu suka kwanta kan juna kamar an kwafa. Ya gwada wata jimlar, ya gwada wani tsohon. Duk inda muryarta ta hau, tasu ta hau. Sabon salon da ta gano ba na tsofaffin Manchester ba ne. Farisancin Bahaushiya ne, da karin Hausa a ciki, wanda dattawa suka yi ta mayar mata da shi a tsanake.

Dakta Bartholomew ya yi tari, ya ce laifinsa ne shi ma da bai nemi jin wannan tun farko ba. Sannan ya faɗa mata gaskiya: babu abin da za a iya amfani da shi cikin muryoyin. Ko ta sake ɗauka kafin a rufe zauren, ko ta tattara babin farko da na biyu ta karɓi ƙaramin digiri ta tafi. Ba shi da wasu masu harshen da zai ba ta, ba shi kuma da lokacin nema.

Da ta isa gida Rabi'u na zuba wa Kulu abinci. Ta ba shi labari a tsaye, ko gyale ba ta cire ba. Ya fara dariya, da ya ga fuskarta ya haɗiye.

"Wato shekara guda kina bin bas kina ɗaukar muryar kanki?"

"Baban Kulu, ba lokacin wasa ba ne."

"Na sani. To ki saurare ni. Wata biyu ya rage a rufe wurin, supervisor ɗinki zai tafi, kuɗin uni zai ƙare. Ki karɓi ƙaramin ki dawo gida. Ko a wurin GP ɗinmu kullum ana neman mai fassara. Ba wanda zai ce kin gaza."

"Ni zan ce."

"To ki ci abinci tukuna, sai ki ce."

Alhamis ta je zauren ba ta fito da na'ura ba. Ta sami Aga Parviz zaune da Mahin Hanum, wata tsohuwar ungozoma wadda duk zauren ke shakkar bakinta. Ta zauna ƙasa da su, ta bayyana musu abin da ya faru, sannan ta tambaya a hankali ko sun lura cewa ba yadda suke magana ba ne suka yi ta faɗa mata.

"Mun lura mana," in ji Mahin Hanum. "In mun fito daga ɗakin nan har gwada wa juna muke yi."

"To me ya hana ku gaya mini?"

"Ke baƙuwa ce. Kin taho daga wani gari, kin durƙusa mana, kin kawo mana nama. Sai mu ci namanki mu ce bakinki a karkace yake? Wa ya haife mu?"

Aga Parviz na juya kofinsa a kan faranti. Can ya ce, "Ba wannan kaɗai ba ne, Zinat Hanum. Ke kin zauna a Iran bayan mu. Ni rabona da ita tun kafin a haifi jikokina. Su kuma jikokin in na yi musu magana dariya suke yi, wai ina magana kamar tsohon fim. Da na ji yadda kike faɗa, kuma ga ki 'yar jami'a, sai na ce wataƙila haka ake yi yanzu a can. Na ce wa sauran kada mu ba da kanmu."

"Shi ya sa mu," in ji Mahin Hanum. "Injiniya. Jirgin da ya gyara ma Allah kaɗai ya san inda ya kai mutane."

"Ya kai su inda kika karɓi haihuwarsu, Hanum."

Zinatu ta roƙe su su sake zama mata. Ta ce wannan karon ba za ta buɗe baki ba, kuma yadda suke magana a ɗakunansu shi take nema, ba na Tehran ta yau ba, ba na kowa ba. Mahin Hanum ta ce ta yarda, da sharaɗi.

"Kada ki ƙara shigowa nan da robar nan. In kin kawo, za mu koma yi miki kara."

Wannan sharaɗi ya fi mata komai nauyi. Laraba mai zuwa sai da ta soya naman, ta daka, ta zuba a roba, don hannunta ya saba. Sherifatu ta tare ta a ƙofar gida ta karɓe.

"Ajiye nan. Ni ba na jin kunyar kowa, zan ci in kuma gaya miki gishiri ya yi yawa."

Ba duka ta samu ba. Cikin waɗanda ta ɗauka da farko, biyu sun rasu, ɗaya 'yarsa ta ɗauke shi zuwa London, wasu kuma suka ce sun yi sau ɗaya ya isa, ba su ga dalilin da za a mai da su 'yan firamare ba. Ta buga kowace jimla a kati guda da manyan baƙaƙe, waɗanda ake iya karantawa daga ƙofa. Ta mai da kujerarta gefe, inda mai magana ba zai riƙa duban fuskarta ba. Ta kuma rufe ƙofa.

Masu gani ba su ba ta wahala ba. Mahin Hanum ta karance katunanta kamar mai faɗa da maƙwabciya, ta tashi. Da aka zo kan Aga Parviz, idonsa ya ƙara lalacewa fiye da bara. Ya riƙe katin farko, ya karkata shi wajen taga. Ya kama kalmar farko, ya tsaya. Ya kama ta biyu ba daidai ba, ya gane, ya koma farko. Sai ya juyo ya dube ta.

Zinatu ta san jimlar da ka. Tana kan harshenta. Ta cusa hannuwanta ƙarƙashin gyale ta riƙe ɗaya da ɗaya, ta sa ido a kan ƙafar tebur. Tana jin numfashinsa, tana jin ƙarar cokula daga zauren. Ba ta taɓa yi wa babba irin wannan ba tunda take. Ya ƙara jira, ko za ta ji tausayi. Ba ta ɗago ba.

Ya ja tsaki, ya mai da ido kan katin. Ya bi shi da yatsa, leɓɓansa na motsi, har ya kai ƙarshe. Sannan ya ajiye katin a kan gwiwa ya faɗi jimlar gaba ɗaya cikin fushi. Muryar ta hau inda ya kamata, ta sauka inda ya kamata. Irin maganar da Zinatu ta riƙa ji a bakin tsofaffi a kasuwar Kazwin ce, wadda ta yi shekaru tana zaton ita take yi.

Ba su kai rabin katunan ba ya ce ya gaji. Ya tashi ya fita ba tare da doguwar sallamar da ya saba ba. Zinatu ta zauna a ɗakin kujeru har Sherifatu ta leƙo da tsintsiya.

"Kuka kike yi ko mura ce?"

"Mura ce."

"To ɗaga ƙafarki."

Ta ɗauka ba zai dawo ba. Alhamis ta gaba sai ga shi da gilashin ƙara girman rubutu mai mariƙi, wanda ya ce na duba taswira ne tun yana aiki. Ya zauna, ya gyara kwat, ya ce kafin a kunna na'ura yana da magana.

"Gaisuwar da kika yi mini yanzu, sake yi."

Ta sake.

"Ba a nan ake dannawa ba. Tun ranar farko nake jin ta tana sukar kunnena. Tunda kin ce ba kunya, to ba kunya."

Ya gyara mata gaisuwar, ya gyara mata yadda take cewa na gode, sannan ya ce ta miƙo katunan. Ranar suka gama nasa duka.

Ta ci gaba har Alhamis ta ƙarshe a watan Maris. A ranar ma'aikata na fitar da kujeru daga ɗakin tana ɗaukar muryar wata tsohuwa, dole ta zubar da rabin abin da ta ɗauka saboda ƙara. Tsofaffin suka yi gardama a kan wanda zai tafi da babbar tukunyar shayinsu, Mahin Hanum ta yi nasara. Aka rufe zauren. Sherifatu ta koma aikin kula da tsofaffi gida-gida.

Muryoyin da Zinatu ta samu ba su kai rabin na farko ba, kuma ba su nuna wani abin mamaki ba. Tsofaffin Manchester na magana kamar yadda aka san masu Farisanci na yi. Abin da ta ƙara a kan sanin da ake da shi ɗan kaɗan ne, game da inda ƙarfi ke komawa a cikin doguwar tambaya, amma tabbatacce ne. Ta cire dogon babin nan gaba ɗaya. Dakta Bartholomew ya ba ta shawara ta rubuta kuskuren a ƙarshen kundin, yadda ya faru, don wani ya kiyaye, ta kuwa rubuta ba ta rage komai ba. Ya bar aiki a Yuli kamar yadda aka tsara, amma ya ci gaba da karanta mata babi-babi daga gidansa. Tallafi ya ƙare ba ta gama ba. Ta fara fassara a asibitoci ranakun da Kulu ke makaranta, tana rubutu a sauran. A bazarar 2015 ta kare kundin gaban masu jarrabawa, suka ba ta gyare-gyare, ta yi, aka ba ta digirin.

Ba ta sami koyarwa ba. Sashen da ta yi karatu an haɗe shi da wani, ba a kuma ɗaukar ɗalibi a wannan fanni. Tana nan a Sparkhill, tana yi wa Iraniyawa da mutanen Afganistan fassara a asibiti da ofisoshin gidaje, kuma ana nemanta fiye da yadda take iya zuwa.

Da takardar digirin ta fito ta hau jirgi zuwa Stockport, inda Aga Parviz ke zaune a gidan 'yarsa. Lokacin ganinsa ya kusa tafiya duka, amma yana cikin kwat. Ta durƙusa gabansa, ta sa masa takardar a hannu ya shafa, ta yi masa doguwar godiya da ta tsara tun a jirgi. Ya saurara har ta kai aya. Ya yi mata murna, ya sa mata albarka, ya tambayi lafiyar maigida da yarinya.

"Kalmar nan ta ƙarshe, Dakta Hanum," in ji shi, "sake faɗa."

Ta sake.

"A'a. Saurara." Ya faɗa, ta bi shi. Ya karkata kai yana auna abin da ya ji.

"Kin kusa," ya ce. Ya ɗaga murya ya kira 'yarsa ta kawo shayi.